Tufail Mai Kaftun Fili

A garin Kamoke na ƙasar Punjab in aka ce Tufail sai an tambaya wanne, don akwai mai gyaran keke, akwai kuma na layin masallacin Juma'a. Amma in aka ce Tufail mai kaftu, ba a ƙara tambaya. Ɗan dako ne a kasuwar shinkafa, dogo, mai faɗin kafaɗa, kunnuwansa sun murɗe sun yi tauri irin na 'yan kokawa. Waɗanda suka san shi da furfura sun san mutum mai sanyin magana, wanda in ya shigo lungu sai ya manne da bango don mata masu ɗauke da kaya su wuce. To ba haka aka haife shi ba.

Yana ɗan shekara goma sha shida ubansa Ilam Din, mai keken doki, ya ja shi ta kunne har akhara, filin kokawar Ustad Nawab Din da ke bayan maƙabarta, ƙarƙashin tsohuwar cediya. Dalili kuwa, Tufail ya fasa wa wani hanci a kasuwa, na uku ke nan cikin wata biyu. Uban ya zo da abin da aka saba zuwa da shi, sabon farin rawani da tiren kayan zaƙi. Ya ajiye a gaban Ustad ya ce, "Ustad-ji, ga shi nan. Naman naka ne, ƙashin kawai za ka bar mini."

Ustad Nawab Din yana zaune a gadonsa na igiya yana zuƙar hukka, tukunyar tabarsa mai dogon bututu. Gajere ne, wuya kamar turmi, kiwon baunar gida yake yi yana sayar da madara. Ya ƙare wa yaron kallo.

"Kai ne mai gyara wa mutane hanci?"

"Shi ya fara," in ji Tufail.

"Tun da aka halicci duniya, puttar, ɗana, wani ne yake farawa. Ga garma can, ɗauka."

Da garma kowa yake fara kokawa a wurinmu. Ƙasar fili ba ƙasar banza ba ce. An tankaɗe ta, an cuɗe ta da mai da kurkum da tsala, ranar Alhamis har furen wardi ake watsa mata. Kullum bayan asuba sai an kafce ta zurfin kamu guda, a tsince tsakuwa, a ja gungumen katako a kai ta kwanta lub, don kada ƙashin wani ya tafi a banza. Wannan aikin sabon shiga ne, kuma shi kaɗai ne abin da mutum zai taka ƙasar ya yi ba tare da ya tambayi kowa ba. Amma kokawa, ko kai ne zakaran gari, ba ka shiga sai ka ɗaura bante, ka zo gaban Ustad ka sunkuya, ka taɓa gwiwarsa ka ce, "Izini, Ustad-ji." Ya gyaɗa kai, sannan ka shiga.

Wata shida Tufail yana kaftu kafin a bar shi ya riƙe wuyan wani. Daga nan kuwa sai ya tashi kamar rake a bakin kogi. Ya yi tsugunni-tashi ɗari biyar bai yi haki ba, ya hau igiyar da ke reshen cediya da hannu kaɗai, ya juya manyan kulake kamar muciya. Uwarsa ta sayar da 'yan kunnenta don kada ya rasa man shanu da badam, 'ya'yan itacen da ake niƙa wa 'yan kokawa su sha. Kafin ya cika ashirin da biyar babu wanda yake iya tsayawa gabansa a filin. Manzur mai kindirmo, wanda rumfarsa ke bakin lungun akhara, in ya hango shi sai ya ɗaga murya.

"A ba da hanya, ga Pahalwan-ji, sarkin kokawa! Ku ɓoye tukwanenku, bai karya kumallo ba!"

Faɗan kasuwa ya daina, wannan gaskiya ne. Amma fushin bai fita ba, wuri kawai ya samu. In ya ka da mutum sai ya ƙara danna shi bayan an gama. Wanda ya fi shan wannan dannar shi ne Maksud, ɗan masaƙa, sa'ansa, mai sanyin jiki, wanda in an ka da shi sai ya tashi yana dariya yana tambayar yadda aka yi. Ustad yana gani. Wani lokaci ya ce, "Tufail, mutumin ya faɗi. Me kake nema kuma a ƙarƙashinsa, zinariya?" A yi dariya, Tufail ya haɗiye.

Akwai wata al'ada ta ranar Alhamis. In an gama, Ustad da kansa yakan tuɓe ya ɗaura bante, ya shiga ya gwada manyan ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya. A lokacin ya haura sittin. Kowa ya san ƙarfi ya tafi, dabara ce ta rage. Ɗalibin da ya samu sa'a ya ɗaga shi sama, sai ya sauke shi a hankali a kan ƙafafunsa, ya taɓa gwiwarsa, ya ja da baya. Bayan ustad ba ya taɓa ƙasa a filinsa. Ba a koya wa kowa wannan ba, kamar yadda ba a koya wa mutum kada ya daki uwarsa.

Shekarar da abin ya faru, bayan girbin alkama, aka sa babbar gasa a wajen gari, kowane akhara zai fitar da mutum ɗaya. Tufail har ya sa matarsa Sughra ta ɗinka masa sabon jan bante. Sai Ustad ya ce Maksud ne zai fita.

Tufail ya tsaya a gabansa. "Ustad-ji, Maksud? Wanda nake kayarwa kafin kindirmon Manzur ya kwanta?"

"Shi."

"Me na rasa?"

"Ba ka rasa komai ba, puttar. Yawa ka yi. Ƙarfinka ya girme ka. In na sake ka cikin baƙi a wannan hali, ko ka karya ɗan mutane ko ka karya sunana. Jira baɗi."

Kwana biyu bayan nan Alhamis ce, kuma ga baƙi sun zo daga birnin Gujranwala, wani tsohon ustad da mutanensa, an shimfiɗa musu tabarmi. Ustad Nawab Din ya shiga fili kamar kullum. Ya gwada biyu, aka zo kan Tufail. Suka riƙe, suka zaga. Tufail ya shige ƙarƙashinsa ya ɗaga shi, kowa yana jiran ya sauke. Sai ya juya ƙugu ya maka tsohon da ƙasa, rigingine, ya ɗora masa gwiwa a ƙirji, ya ɗaga kai yana duban baƙi.

Ba wanda ya yi tari. Mai jan guga a rijiya ya saki igiya, aka ji gugan ya faɗa ruwa.

Ustad ya daɗe kafin ya tashi. Maksud ya miƙa masa hannu, ya ƙi. Ya dafa ƙasa ya miƙe, bai kakkaɓe bayansa ba, ya sa rigarsa a kan ƙasar da ta manne masa, ya yi wa baƙi sallama ya tafi gida. Daga ranar bai sake ɗaura bante ba har ya koma ga Allah.

Washegari da la'asar Ustad ya zo ya zauna a gadonsa kamar ba a yi komai ba. Tufail ya zo, fushin ya kwana ya huce, ya sunkuya ya taɓa gwiwa. "Izini, Ustad-ji." Ustad ya juya fuska wajen maƙabarta. Tufail ya dawo rana ta biyu, haka. Ta uku, haka. A ta ukun Tufail ya yi jifa da bante ya ce ai Kamoke ba ita ce duniya ba. Ya hau mota ya tafi Gujranwala. Labari ya riga shi sauka. Inda duk ya je sai a ba shi madara ya sha, a raka shi bakin ƙofa. Wani tsoho ne kawai ya buɗe baki ya ce masa, "Wanda ka sha madarar baunarsa shekara tara ka yi wa haka. Ni da ban ba ka komai ba, me za ka yi mini?"

Ya dawo ya zauna a gida wajen wata biyu, daga kasuwa sai ɗaki. Ya fasa randa don ruwan bai yi sanyi ba. Ubansa ya daina bin hanyar maƙabarta da kekensa, yana zagayawa ta tasha, don kada su haɗa ido da Ustad. Maksud ya je gasa aka ka da shi a zagaye na biyu, wannan ma bai sanyaya wa Tufail rai ba, don ba wanda ya zo ya ce masa da kai ne da ba haka ba.

Ran nan bayan sallar asuba, maimakon ya juyo gida sai ƙafa ta kai shi akhara. Garma tana jingine inda take. Ya ɗauka. Tun da kaftu ba ya bukatar izini, ba mai hana shi. Ya kafce filin kaf, ya tsince, ya ja gungume, ya tafi kasuwa ɗaukar buhu. Da la'asar ya dawo ya zauna bakin rijiya, yana ja wa masu wanka ruwa, yana niƙa musu badam a turmin dutse. Tsakaninsa da gadon Ustad taku goma ne. Haka ya yi washegari. Haka ya yi shekara goma sha ɗaya.

Ba za a ce tun farko don Allah ya yi ba. Shekarar farko yana kaftu ne don a gani, a ce kai, Nawab Din zuciyarsa dutse ce, dubi yadda yaron nan yake wahala. In ya ji ƙafar mutane a hanya sai ya ƙara ɗaga garma. Sughra ce ta gaya masa, tana wanke rigarsa da ta rine da kurkum.

"Baban Nasrin, wannan kaftun naka, ƙasa kake yi wa ko mutanen gari?"

"Me ya dame ki?"

"Ni ce mai wanki, ya dame ni. In tuba ce, tuba ba ta waiwaye."

Ranar dai bai fasa komai a gidan ba, ita ma ta lura da haka.

Mutum shi kaɗai da garma da sassafe, ba mai magana da shi sai kansa. Ya gaya wa Sughra daga baya cewa abin da ya fi damun sa ba kallon mutane ba ne, nauyin tsohon ne. Kullum yana ɗaukar buhun shinkafa, ya san nauyi. Ranar da ya ɗaga Ustad bai kai buhu ba. Ya ji haƙarƙarinsa a hannu ɗaya bayan ɗaya, ya ji numfashinsa yana fita da ƙyar, ya san sarai abin da ke hannunsa, duk da haka ya juya ƙugu. Da can yana cewa shaiɗan ne, zuciya ce ta ɗebe shi. Ana nan ana nan ya daina faɗin haka. Ya ce, "Ban makance ba, Sughra. Ina gani na yi." Daga nan sai ya fara tuno sauran, hancin da ya fasa, wuyan Maksud da ya sha murɗewa bayan an gama, 'yan kunnen uwarsa da bai taɓa tambayar inda suka tafi ba. Kowace safiya garma tana tono masa wani abu, ba tsakuwa kaɗai ba.

A shekara ta huɗu wani sabon magatakarda a kasuwa, siriri kamar tsinke, ya zarge shi da yaga buhu, ya wanka masa mari a gaban jama'a. 'Yan dako suka ja da baya suna salati, don sun san wanda aka mara. Tufail ya mai da hannayensa baya ya haɗe su, ya riƙe har yatsun suka yi fari. Ya ce, "Buhun a yage ya zo, babu-ji, malam magatakarda, amma kawo allura in ɗinke." Labari ya kai wa Manzur kafin azahar.

"Pahalwan-ji! An ce sauro ya cije ka ka ba shi haƙuri. Zo ka sha kindirmo, ko jini zai dawo."

"Zuba, Manzur. Kada ka cika ruwa kamar kullum."

"Ji shi! Hannu ya mutu, baki yana nan."

Amma gwiwar Ustad bai sake nufar ta ba. Sughra ta yi magana har ta gaji.

"Je ka sake roƙo mana. Me zai ci ka?"

"Sau uku na roƙa."

"Sau uku! Ubangijin da Ya halicce ka sau biyar kake tsayawa gabansa kullum, ka taɓa cewa ka gaji?"

"Ba ki gane ba. Wanda ya yi abin da na yi ba shi da bakin roƙo. Ranar da ya ga na isa, shi zai kira ni."

Haka ya ɗauka, kuma ya ɗauka tawali'u ne. Can ƙasan zuciyarsa kuwa akwai abin da bai tono ba duk kaftun nan, yana tsoron a sake juya masa fuska a gaban yaran da yanzu suke ce masa Pa-ji, wato yaya, suna gaishe shi da girma.

Shekaru suka yi ta tafiya da ƙarfinsa. Ubansa ya rasu, Ustad ya zo jana'iza ya ɗauki makara, bai ce masa komai ba ban da addu'ar da ake yi wa kowa. Yaran da Tufail ya ga ranar da aka kawo su da rawani suka girma, suka fita gasa, suka dawo ana kaɗa musu ganga, shi yana bakin rijiya da guga. Wani lokaci in ya ga yaro yana riƙon banza sai jikinsa ya motsa, kafaɗarsa ta karkata, ya kama kansa ya koma niƙa. A shekara ta shida, wata la'asar, Ustad ya sunkuya ya ɗebi ƙasar fili ya murza a yatsu, ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Ƙasar nan ta yi laushi." Tufail ya zo gida da wannan magana kamar an ba shi kyautar salla. Ya sa Sughra ta fito masa da jan banten nan daga akwati ta shanya. Ya jira kira. Mako ya wuce, wata ya wuce. Ta ninke ta mayar.

A shekara ta goma sha ɗaya, farkon sanyi, Ustad ya faɗi a garken baunarsa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi. Ba su da ɗa namiji, shi da matarsa Masi Hajran, wato Inna Hajran, 'ya'yansu mata suna gidajen aure a nesa. Ba wanda ya aiki Tufail. Shi ya riƙa zuwa yana juya shi, yana shafa masa mai, yana tatsar bauna. In la'asar ta yi sai tsohon ya fara nuna ƙofa da hannun hagu, Tufail ya goya shi a baya har akhara, ya zaunar da shi a gadon igiya, ya tokare shi da matashi. 'Yan kokawa suna zuwa suna taɓa gwiwa, yana gyaɗa kai, wannan kam bai rasa ba. In layi ya ƙare sai ya juyo da ido kan Tufail, ya yi wani gurnani a maƙogwaro, yana buga gwiwarsa da hannun mai lafiya. Tufail ya yi sauri ya kawo ruwa. Tsohon ya ture. Tufail ya kawo mai ya hau murza masa gwiwar, a zatonsa ciwo take yi. Tsohon ya rufe ido, hawaye yana bin gefen da ya shanye. Likita ya ce masu wannan ciwo haka suke, hawaye ba ya yi musu wuya.

Wata huɗu aka yi haka. Ustad ya cika wata ranar Talata da hantsi, hazo bai gama washewa ba. Tufail ne ya shiga kabari ya karɓe shi.

Ranar addu'ar uku, bayan mutane sun watse, Masi Hajran ta aika a kira shi. Tana zaune a tsakar gida a kan tabarma, carbi a hannu, hukkar mijinta tana jingine a bango ba wuta. Ya tsuguna nesa kaɗan.

"Matso, puttar. Ba zan iya ɗaga murya ba." Ya matso. Ta dube shi. "Kai wawa ne. Shi ma wawa ne, Allah Ya jiƙansa, Ya yafe mini faɗin haka. Wawaye biyu Allah Ya haɗa ni da su."

"Masi, me na yi kuma?"

"Abin da ba ka yi ba. Ka san ranar da ka dawo ka ɗauki garma? Ya shigo gidan nan yana murmushi, rabon da in ga haƙoransa tun ranar da ka maka shi. Ya ce, Hajran, yaron ya dawo. Ya ci gurasar roti huɗu. Ya ce gobe zai zo ya roƙa, zan ɗan ja masa rai, in sha hukka sau biyu, sannan in gyaɗa. Washegari ya sa sabuwar riga ya tafi. Ya dawo ya ce bai roƙa ba, kunya yake ji, gobe. Puttar, na ji goben nan har na daina ƙirgawa."

Ta gyara zama ta ci gaba.

"Na ce masa, kai ka kira shi mana, ba ɗanka ba ne? Ya ce ustad ba ya bin ɗalibi da izini. Izini nema ake yi, ba rabawa ake yi ba kamar shinkafar sadaka. Haka ya gada wurin nasa ustad ɗin, haka zai bari. In ya kira ka, ya rushe abin da filin yake tsaye a kai, gobe kowane ɗan iska sai ya ka da babba ya zauna jiran a lallashe shi."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba, Masi?"

"Ya sa na dafa Alƙur'ani. Ya ce roƙon da aka tura mutum ya yi ba roƙo ba ne. Iyakar abin da na iya, in na haɗu da Sughra wajen famfo in ce mata, ki tura mijinki. Ban isa in ce mata don me ba. Kana tsammani ita kaɗai take ta damun ka?" Ta share ido da gefen mayafi. "Da ya kwanta ciwo kuma, da ya ga lokaci ya ƙure, sai ya sauko iyakar saukowar da zai iya. Yana buga maka gwiwa, kai kana kawo masa ruwa."

Wata bauna ta yi kuka a garke, lokacin tatsa ya yi. Ba wanda ya motsa.

Can Tufail ya ce, "Masi, ya ce ya yafe mini?"

Ta ajiye carbin a cinya. "Ka sa ni a tsaka mai wuya. Na ga yana son ka fiye da 'ya'yan da na haifa masa. Na ji yana cewa a Punjab kaf ba a yi ɗan kokawa kamarka ba, kuma ya ce ranar marin kasuwa ita ce ranar da ka zama mutum. Amma kalmar nan, na yafe, ban ji ta daga bakinsa ba. Yana ajiye ta ne sai ranar. Ba zan yi masa ƙarya yana kwance a kabari ba, kai ma ba zan yi maka ba."

Ya tashi ya je ya tatsi baunar, don ba mai yi. Ya ajiye mata madarar a bakin madafi ya fita.

Kwana tara ba a gan shi a akhara ba. Bai je kasuwa ba. Sughra ta ce yana zaune ne kawai a bakin gado yana duban tafin hannunsa, in ta ajiye abinci ya ci loma biyu don kada ta yi kuka. Sau ɗaya ya yi magana. Ya ce, "Na ɗauka na kashe girman kai, ashe wanka na yi masa na sa masa farar riga."

Dattawa suka taru suka naɗa wa Maksud rawanin Ustad, shi ya gaji gadon igiya. Rana ta goma da la'asar sai ga Tufail. Ya tuɓe a bakin rijiya ya ɗaura jan banten, wanda yanzu ya yi masa yawa a ƙugu. Ya bi layi bayan yaran da ya isa ya haife su. Da aka zo kansa ya sunkuya ya miƙa hannu. Maksud ya zabura zai tashi.

"Haba Tufail, ni? Kai da kake wasa da ni kamar ƙwallo?"

"Zauna, Maksud. Don Allah zauna." Ya taɓa gwiwar. "Izini, Ustad-ji."

Maksud ya gyaɗa kai, ya kau da fuska don kada yara su ga idonsa.

Shi ke nan. Bai kai ƙiftawar ido uku ba. Tufail ya tsaya a sunkuye kamar yana jiran sauran, babu saura. Maksud ya tuɓe ya shiga tare da shi don kada ya haɗa shi da yaro. Suka riƙe, suka zaga sau biyu. Yana da shekara talatin da shida, buhu ya cinye masa gwiwoyi, numfashi ya gudu. Hannu ya tuna komai, jiki ya ƙi bi. Kafin a sha kofin shayi ya saki, ya dafa kafaɗar Maksud ya ce ya isa. Ya fita ya zauna a bakin fili ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa suna girgiza. Manzur, wanda ya rufe rumfa ya zo kallo da zolaya a bakinsa, ya haɗiye ta ya juya ya koma.

Bai sake kokawa ba. Ya yi shekara ashirin da biyu bayan nan, ya aurar da Nasrin da ƙannenta biyu, ya kula da Masi Hajran har ta bi mijinta. Ya zama mutumin da ba ya kwana da magana a ciki. In ya ga fuskar maƙwabci ta canza, kafin magariba yana ƙofar gidansa yana tambayar laifinsa, har wasu suna gajiya da shi. Manzur yakan ce in ka taka Tufail ka yi sauri ka gudu, in ba haka ba zai biyo ka gida neman gafara.

Sughra ta ce har ciwon ajalinsa, in ya idar da salla akwai addu'ar da ba ya tsallakewa. Ba ya cewa Allah Ya sa Ustad ya yafe masa. Cewa yake, "Ya Allah, Ka haɗa ni da shi ko sau ɗaya, in tambaye shi da bakina." Allah Ya karɓa masa, Ya yi musu rahama su duka biyun.